Babi Na Shida: Adireshin Haƙiƙa Da Adireshin Majazi

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja da harshen C, ya kuma nemi kwamfuta ta nuna masa adireshin wurin da ta ajiye masa wani abu a cikin ma'adanarta, lalle ya ga ta fito masa da wata doguwar lamba, ya gaskata ta, ya ci gaba da sha'aninsa. Alhali kuwa da zai buɗe na'urar ya bi siraran wayoyin da suka tashi daga furosesa zuwa ma'adana, ba zai tarar da wannan lamba tana tafiya a kansu ba. Abin da aka nuna masa majazi ne. Haƙiƙa tana wani wuri dabam, an kuma sa hijabi tsakaninsa da ita da gangan, har akasarin ma'abota wannan sana'a sukan yi furfura a cikinta ba su taɓa bukatar a yaye musu hijabin ba. Mas'alarmu a nan ta 'yan ƙalilan ce waɗanda ba su da makawa sai sun leƙa bayansa, wato masu ƙera sababbin na'urori, waɗanda suke da samfurin gwaji a kan tebur, babu wanda ya taɓa magana da shi a duniya, suna so su ji ko zai amsa.

A zamanin ƙananan kwamfutocin gida na farko babu hijabin sam. Commodore 64, wadda ta fito a 1982, tana da umarni a harshen BASIC mai suna POKE, da shi mutum ke zuba lambar da ya ga dama a adireshin da ya ga dama. Wanda kuwa ya zuba sifiri a adireshi na 53280, nan take sai gefen allon talabijin ɗinsa ya koma baƙi wuluk, saboda a wannan adireshi babu ma'adana, ƙwayar da ke zana hoto ce take saurare a wurin. Haka al'amarin yake ga kwamfutocin IBM a ƙarƙashin MS-DOS, inda duk abin da aka rubuta daga adireshi na 0xB8000 yake bayyana a kan allo, bayit ɗaya na harafi, bayit ɗaya na launinsa. Wannan 0x da ke farkon lambar alama ce ta cewa an rubuta ta da lissafin goma sha shida, wanda injiniyoyi suka fi so ga adireshi. Akwai daɗi ƙwarai cikin wannan 'yanci, kuma da yawa daga manyan masana na yau a nan suka buɗe ido. Sai dai 'yanci ne da ya dace da na'ura mai mutum ɗaya da aiki ɗaya, domin manhajar da ta yi kuskuren lamba guda tana iya rubutu a kan babbar manhajar da ke ɗauke da ita, sa'an nan babu magani sai a kashe a kunna.

Maganin kuwa ya riga waɗannan ƙananan na'urori zuwa duniya da shekara ashirin. A Jami'ar Manchester ta ƙasar Ingila, Tom Kilburn da abokan aikinsa, tare da kamfanin Ferranti, suka gina kwamfutar Atlas, wadda aka ƙaddamar a 1962, tana da ma'adana mai sauri amma ƙarama, mai kalma 16,384, da wata ganga mai maganaɗisu mai ɗaukar kalma 98,304 amma mai nawa. Da suka ga masu rubuta manhaja suna ɓata rabin hankalinsu wajen ɗauko bayani daga ganga zuwa ma'adana da mayar da shi, sai suka yanka duka biyun gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kalma 512, suka kira ta shafi, suka ɗora wa na'urar kanta nauyin sanin inda kowane shafi yake. Daga ran nan adireshin da manhaja ke faɗa ya rabu da adireshin da wayoyi ke ɗauka. Wannan dabara ta iso kwamfutocin tebur da furosesan Intel 80386 na 1985, kuma yau tana cikin kowace wayar hannu mai Android.

Ga yadda abin ke gudana a taƙaice. A cikin furosesa akwai wani sashe da ake kira MMU, wanda ba shi da aiki sai fassara. Duk sa'ad da manhaja ta ambaci adireshi, sai ya raba lambar biyu, ya ɗauki kashin sama a matsayin lambar shafi, ya duba wani jadawali ya ga a ina wannan shafi yake a haƙiƙa, ya haɗa amsar da kashin ƙasa, sa'an nan ya aika. Girman shafi a galibin na'urori bayit 4096 ne. Jadawalin kuwa babu mai ikon rubuta shi sai zuciyar babbar manhaja, wadda ake kira kenel, kuma kowace manhaja da nata jadawali. Saboda haka manhajoji biyu suna iya ambaton adireshi ɗaya a lokaci ɗaya, kowace ta sami abinta ba tare da ta taɓa na 'yar'uwarta ba, wadda kuwa ta ambaci adireshin da ba ya cikin jadawalinta, sai furosesa ya tsayar da ita, kenel ya kashe ta, sauran su ci gaba da aikinsu kamar ba a yi kome ba. Misalin manhaja a wannan tsari kamar baƙo ne a zaure: ana girmama shi, ana kawo masa ruwa da abinci, in yana da saƙo zuwa cikin gida ya faɗa wa maigida a isar masa, amma ƙafarsa ba ta ƙetare ƙofar ciki.

To, me zai sa mutum ya nemi ƙetarewa? Dalilin shi ne abin da muka gani ga Commodore bai gushe ba har yau, ɓoye shi kurum aka yi. Na'urorin da ke kewaye da furosesa, kamar mai aika saƙo ta waya, da mai ƙirga lokaci, da mai kula da ƙafafun da ake jona fitila ko inji a kansu, kowace tana da 'yan gurabe da ake kira rajista, an kuma ba kowace rajista adireshin haƙiƙa kamar dai ma'adana ce. Rubutu a cikinta umarni ne, karanta ta kuma tambaya ce. Bisa ƙa'ida, mai yin wannan magana shi ne direba, wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin kenel. Amma direba sai na'urar da aka riga aka sani. Ka ɗauki injiniyan da ke aiki da ƙwayar Zynq-7000 ta kamfanin Xilinx, wadda ta haɗa furosesan ARM Cortex-A9 da wani fili na FPGA da ake iya sāke tsarin da'irorinsa yadda aka so: da safe ya zana sabuwar da'ira, ya ɗora ta a filin, rajistocinta suka bayyana a wani wuri daga adireshi na 0x40000000 zuwa sama, da azahar ya gane ya yi kuskure a zanen, ya sauya, kafin la'asar rajistocin sun ƙaru, ma'anar wasunsu ta juya. Da za a ce lalle sai ya rubuta direba ga kowane zane, alhali kuskure guda a cikin kenel yana kayar da na'urar baki ɗaya, kuma kayan binciken kuskure a can ciki sun fi wuyar sha'ani nesa ba kusa ba, da rabin kwanakinsa sun tafi a kan abin da gobe zai zubar. Bukatarsa ba ta wuce ya zuba lamba a wuri kaza ya ga abin da zai faru ba.

Mutanen Unix sun bar wa irin wannan bukata ƙofa tun farkon al'amarinsu a Bell Labs, Linux kuma ya gāje ta. Fayil ne mai suna /dev/mem, wanda babu kome a cikinsa na kansa, illa dai duk wanda ya nemi bayit na kaza a cikinsa, ana kai shi adireshin haƙiƙa na kaza. Ba a buɗe shi sai ga mai cikakken iko a kan na'urar, wanda ake kira root. Da an buɗe, sai a yi kiran da ake ce wa mmap, a faɗa wa kenel adireshin haƙiƙar da ake so da tsawon yankin, bisa sharaɗin adireshin ya faɗa daidai kan farkon shafi. Shi kuma kenel ya ƙara layi a jadawalin manhajar, ya miƙo mata adireshin majazi wanda ke fassaruwa zuwa wancan wuri. A lura da kyau, hijabin bai tsage ba, MMU yana nan yana fassararsa. Abin da ya sauya shi ne an rubuta masa fassarar da ke kai wa ga rajista maimakon ma'adana. Daga nan kuma kenel ya fita daga maganar, ba ya ganin abin da ake rubutawa, ba a kuma shawartarsa, kuma a nan saurin wannan hanya yake, a nan haɗarinta yake.

Babu inda jama'a suka koyi wannan fanni kamar a kan Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan da wata gidauniya ta birnin Kambirij ta fitar a 2012 a kan dala 35. Ƙwayarta ta farko, BCM2835 ta kamfanin Broadcom, tana da ƙafafu 54 da manhaja ke iya juyawa, rajistocinsu sun fara daga adireshi na 0x20200000. Wanda ke son kunna ɗan ƙwan fitila da ya jona a ƙafa ta 17, sai ya fara shaida wa ƙwayar cewa wannan ƙafa ta fitarwa ce. Kowace rajistar zaɓen aiki tana kula da ƙafa goma, kowace ƙafa da bit uku, saboda haka ta 17 tana cikin rajista ta biyu, bayit huɗu daga farko, a bit na 21 zuwa na 23, inda zai rubuta 001. Sa'an nan ya tafi rajistar kunnawa, a nisan 0x1C, ya ɗaga bit na 17, fitila ta kama. Ya tafi ta kashewa, a nisan 0x28, ya ɗaga wannan bit ɗin dai, fitila ta mutu. Duka aikin bai kai layi talatin ba, kuma mai ƙyuyar rubuta ko da wannan yana da ƙaramin kayan aiki mai suna devmem2, ko devmem na cikin BusyBox, da zai karanta ko ya rubuta adireshi guda daga layin umarni. Har ma a shekarar da Raspberry Pi ya fito wasu ɗalibai na Kwalejin Imperial ta birnin Landan suka bi ta wannan ƙofa suka riƙa jujjuya rajistar agogon da ke fita ta ƙafa ta 4 da sauri, har na'urar ta zama tashar rediyon FM, eriyarta guntuwar waya. Abin da babu wanda ya nufi ƙwayar da shi, babu kuma direban da zai yarda a yi.

Amma fa tun a matakin farko akwai rami, kuma kusan kowane sabon shiga sai ya faɗa. Wanda ya buɗe littafin bayanin ƙwayar da Broadcom ya wallafa zai ga an ce rajistocin ƙafafu suna 0x7E200000, ya ba mmap wannan lamba, ya yi ta rubutu fitila ba ta ko ƙifta ba. Littafin bai yi ƙarya ba. Adireshin da ya bayar shi ne wanda ake gani daga babbar hanyar cikin ƙwayar, furosesan ARM kuwa yana ganin wurin nan a 0x20200000. Ashe haƙiƙar ma hawa biyu ce, kuma rajista ɗaya ta tashi da adireshi uku, kowane daidai ne a wurin mai kallonsa.

Bayan wannan sai fitinun da suka fi ɓoyuwa, waɗanda asalinsu ɗaya ne: duk kayan aikin da ke tsakanin mai rubutu da waya an gina su ne bisa zaton cewa abin da ke ƙarshen adireshi ma'adana ce, wadda ba ta sauyawa sai an sauya ta, ba ta kuma damu da sau nawa aka karanta ta ba. Rajista ba haka take ba. Manhajar da ke juya harshen C zuwa harshen na'ura, in ta ga an rubuta a karanta wuri ɗaya ana maimaitawa har sai ya sauya, sai ta yi wa mai rubutun gwaninta ta karanta sau ɗaya tak, ta bar shi yana jiran abin da ba zai zo ba har abada. Shi ya sa ake sa kalmar volatile, don a hana ta wannan karambani. Furosesa ma yana da ƙaramar ma'ajiya a kusa da shi inda yake riƙe kwafin abin da ya karanta, yana kuma iya jinkirta rubutu ko ya sauya jerinsa. Don haka aka saba buɗe /dev/mem da tutar O_SYNC, don a nemi kenel ya hana riƙe kwafi a yankin, a kuma sa umarnin shinge a inda tilas wani rubutu ya riga wani isa. Akwai rajistar da karanta ta kawai yana cire bayanin da ke ciki, ta yadda mai leƙawa don bincike shi ne ke cinye abin da yake nema. Akwai wadda ba ta karɓar kome sai bit 32 a dunƙule. A kan Zynq kuwa, wanda ya karanta adireshin filin FPGA kafin a ɗora masa da'irar da za ta amsa, sau da yawa furosesa yakan tsaya cik yana jiran amsa, na'urar ta sandare ba tare da ta bar ko kalma ɗaya ta bayani ba.

Wadda ta fi duka muni a ganina ita ce ta tarayya. Rajistar zaɓen aikin nan tana ɗauke da ƙafa goma; mai son sauya ɗaya dole ya karanta duka, ya gyara bit ukunsa, ya mayar. In a tsakanin karantawarsa da mayarwarsa wani direba na cikin kenel ya sauya wata ƙafar a rajistar, to, mayarwar tasa za ta shafe aikin direban, kuma babu wanda zai sani, tun da kenel bai san da shi ba balle ya jira shi. Irin wannan kuskure yakan auku sau ɗaya a cikin dubbai, ya ɓace in an zo nemansa. Masu zanen ƙwayar sun san da haka, shi ya sa suka raba rajistar kunnawa da ta kashewa, don a iya taɓa ƙafa guda ba tare da karanta sauran ba. Hikima ce da ya kamata duk mai zana rajistocin sabuwar da'ira ya ara.

Sa'an nan akwai abu biyu da ƙofar ba ta bayarwa ko an yi ladabi. Na'ura in ta gama aiki takan katse furosesa ta shaida masa, wannan kira kuwa kenel kaɗai yake jin sa, mai /dev/mem sai dai ya yi ta tambaya yana ƙona lokacin furosesa. Haka kuma na'urar da ke zuba bayani cikin ma'adana da kanta, ta hanyar da ake kira DMA, tana bukatar adireshin haƙiƙa na wurin da za ta zuba, alhali shafukan da manhaja ke gani a jere suna iya kasancewa a warwatse, kenel kuma yana da ikon ɗauke su ya kai wani wuri. A dā kowace manhaja tana iya duba fayil ɗin pagemap ta ga inda shafukanta suke. Amma da masu bincike na Google suka nuna a 2015 cewa sanin wannan yana taimakon harin Rowhammer, wanda ke juya bit a ma'adana ta hanyar yawan bugun layukan da ke maƙwabtaka da shi, sai aka taƙaita sanin ga mai iko.

Tarihin ƙofar daga shekara ta 2000 zuwa yau tarihin ƙuntatawa ne, kuma da hujja. Wanda ya iya rubutu a ko'ina cikin ma'adana ya iya sāke kenel kansa yana cikin gudana. A 2001 mujallar Phrack ta wallafa yadda ake yin haka ta /dev/kmem, ɗan'uwan /dev/mem, don a ɓoye manhajar ɓarna. Microsoft ya rufe tasa ƙofar ga manhajojin waje tun daga gyaran farko na Windows Server 2003. Linux ya bi a hankali, domin shekaru da yawa manhajar X mai zana tagogi a allo ta nan take bi ta sarrafa katin hoto, sai da aka mayar da wannan aiki cikin kenel daga 2009. A 2008 aka shigo da zaɓin STRICT_DEVMEM, wanda ke barin a taɓa rajistocin na'urori amma ya hana taɓa ma'adanar da kenel da manhajoji ke zaune a ciki. A 2019 tsarin kulle na Linux 5.4 ya ba da damar toshe ƙofar ko ga root. A 2021 aka cire /dev/kmem ɗungurungum. Ba a bar masu gwaji a rana ba kuwa. Tun 2007 akwai UIO, inda ɗan ƙaramin direba ke miƙa wa manhaja rajistocin na'ura guda kaɗai, ya kuma tashe ta in na'urar ta yi kira. A 2012 VFIO ya zo, wanda ke amfani da wani mai fassara na biyu, IOMMU, don ya tsare na'urar kanta kada DMA ɗinta ya wuce haddinsa. Raspberry Pi ma ya sami /dev/gpiomem, wanda ba ya nuna kome sai shafin ƙafafu, ba ya kuma bukatar root.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida a kan larura, cewa tana halatta abin da aka hana amma gwargwadonta kaɗai, in ta gushe hukunci ya koma asalinsa. Ni kuwa ban ga ma'aunin da ya fi wannan dacewa da /dev/mem ba. Muddin ana tambayar sabuwar da'ira ne ko tana da rai, babu hanyar da ta kai ta sauri, kuma mai hana injiniya ita a wannan mataki ya tsananta ba bisa dalili ba. Aibin yana zuwa ne sa'ad da gwaji ya yi nasara, mai aikin ya ce ai ga shi yana tafiya, ya bar lambar adireshi a tsakiyar manhajar ya sayar wa mutane. Adireshin haƙiƙa gaskiya ce a kan ƙwaya ɗaya kaɗai. Da Raspberry Pi 2 ya fito a 2015, farkon yankin rajistoci ya tashi daga 0x20000000 ya koma 0x3F000000, duk manhajar da ta kafe a kan tsohuwar lamba ta daina aiki. Da na 4 ya fito a 2019 ya sāke komawa 0xFE000000, aka sāke bin manhajoji ana gyara. A 2023 kuwa Raspberry Pi 5 ya ɗauke ƙafafun gaba ɗaya daga babbar ƙwaya ya mayar da su kan wata dabam mai suna RP1, wadda ake isa gare ta ta hanyar PCI Express, da rajistoci masu wani tsari na daban, har shahararriyar manhajar RPi.GPIO, wadda littattafan koyarwa masu yawa suka dogara a kanta, ta kasa kunna ko fitila ɗaya a kansa; manhajojin da suka bi ta direban kenel kuwa, irin masu amfani da libgpiod, ba su bukaci sanin ko ɗaya daga cikin sababbin rajistocin ba.